Faifan garmaho, CD ko sauraro ta intanet: wanne ya dace da mu a nan Garwa?

Ɗan yayata da yake karatu a jami'ar Ngaundere ya kira ni ranar Juma'a bayan la'asar, ko gaisuwa bamu gama ba yace Kawu shawara nake nema, na tara sefa dubu 90 kuma garmaho nake so in saya, irin wanda ake ɗora masa baƙin faifan nan mai faɗi. Wai ya gani a Instagram samarin Turai duk sun koma kansa, kuma ance sautinsa yafi na waya nesa ba kusa ba. Ni ya kira saboda ya san na yi shekara 14 a kasuwar Garwa ina sayar da kaset, daga baya CD, har lokacin da memori ta shigo ta kashe mana sana'ar na koma gyaran waya. Mun yi kusan awa guda muna magana har kiredinsa ya ƙare bamu gama ba, shi yasa nace bari in zauna in rubuta abin da na sani, don nasan ba shi kaɗai bane, ko a butik ɗina an sha yin wannan musun, wani yace CD, wani yace ai zamanin faifai ya wuce kowa ya kama wayarsa.

Abin da yaron ya gani ba ƙarya bane. A Amurka a shekarar 2022 an sayar da faifan garmaho kusan miliyan 41, CD kuma miliyan 33, rabon da garmaho ya wuce CD a yawan ciniki a can tun 1987. Toh amma su masu sayen nan ɗakinsu a sanyaye yake, wuta bata ɗaukewa, in allura ta lalace gobe an kawo musu sabuwa har ƙofar gida. Mu kuma a nan watan Maris da Afrilu zafi yana wuce digiri 40, daga Disamba hazo ya rufe gari ƙura har cikin akwati, ga rezo, wato sabis ɗin waya, yau akwai gobe babu. Don haka tambayar da Bature yake yi, wanne yafi daɗin sauti, ba ita ce tambayarmu ta farko ba, mu tamu ita ce wanne zai rayu a hannunka shekara goma nan gaba, kuma waƙar da kake so ɗin ma tana cikinsa?

Bari in fara da garmahon tunda shi ya jawo maganar, kuma shi ne nafi jin ciwonsa. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa direban babbar mota ne, yana zuwa Yola da Kano, duk tafiya sai ya dawo da faifai ɗaya ko biyu, na su Shata da Ɗan Maraya Jos, da na kiɗan makosa da yake samowa in ya gangara Duwala. Ina ƙarami da daddare ake shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya ɗora, maƙwabta su shigo, babu wanda yake taɓa allurar sai shi. Da ya rasu aka tattara faifan nan guda 43 aka jibge su a kwance, ɗaya kan ɗaya, cikin akwatin ƙarfe a ɗakin ajiya mai rufin kwano, babu wanda ya san hakan illa ne. Bayan shekaru da na buɗe akwatin wallahi sai da na zauna a ƙasa, fiye da rabi sun lanƙwashe kamar ganyen da ya sha rana, wasu takardar ta manne a jikinsu, guda 11 kawai na samu masu lafiya. Faifan nan da roba ake yinsa, irin PVC ɗin da ake bututun ruwa, zafi da nauyi in suka haɗu a kansa sai ya karkace, in ya karkace kuma allura sai ta dinga hawa da sauka tana tsalle. Ko cikin mota rufaffiya ka bar shi a rana na yini guda ya isa. Dole a tsaye ake jera shi kamar littattafai, a ɗakin da yafi ko'ina sanyi a gidan, nesa da taga, in da hali ɗakin ƙasa ko mai silin.

Sai ƙura. Shi sautin garmaho a cikin wani siririn layi yake da aka sassaƙa a jikin faifan yana zagayawa daga baki zuwa tsakiya, allura ce take bin layin tana rawa, rawar nan ita ake mayarwa sauti. Duk ƙwayar ƙurar da ta faɗa cikin layin allura zata taka ta, shi ne ƙas-ƙas ɗin nan da kake ji, kuma ba jin kaɗai bane, tana cin faifan tana cin allurar. Robar kuma da kanta take jawo ƙura musamman lokacin hunturu da iska ta bushe. Kafin ka ɗora sai ka goge da burushi mai laushi kana bin zagayen layin, in ka gama ka mayar cikin rigarsa nan take. Allurar ma ba ta har abada bace, mai kyau tana yin awa ɗari-ɗari har zuwa wajen dubu sannan a canza, in ka ci gaba da amfani da wadda ta dakushe ita zata kankare maka faifan, kuma a ina zaka samu sabuwa a Garwa ko Marwa? Sai dai ka roƙi wani mai zuwa daga waje.

Ga maganar kuɗi. Sabon faifai a Turai yanzu wajen yuro 25 zuwa 35 ne, yuro ɗaya kuma sefa 656, kaga guda ɗaya ya kama dubu 20 kenan kafin kuɗin ɗauko shi, kuma abu ne mai faɗin santimita 30 da ba'a lanƙwasa shi a jaka. Me zaka samu a ciki? Minti 20 da ɗan wani abu a kowane gefe, sai ka tashi ka juya. Tun 1948 da kamfanin Columbia ya fito da wannan babban mai juyi 33 da sulusi a minti haka yake, ƙaramin mai juyi 45 da RCA ta fitar a 1949 shi waƙa ɗaya ce ma a kowane gefe. Dubu 90 ɗin yaron nan in ya sayi na'ura mai ɗan dama-dama ta cinye kuɗin ko faifai ɗaya bai saya ba, in kuma ya sayi ƙaramar nan mai kama da akwati da ake tallarta da araha, toh araha bata ado, allurarsu tana danna faifai da nauyi fiye da kima, lasifikarsu kuma bata fi ta ƙaramar rediyo ba, duk daɗin sautin da ya ji ana faɗa ba zai ji shi a nan ba. Wani abin da mutane basu sani ba, na'urar garmaho ta gaske sautin da take fitarwa ƙanƙani ne sosai, sai an haɗa ta da amfilifaya mai wurin da aka rubuta phono, ko a sayi ƙaramin akwatin da yake wannan aikin, in ba haka ba zaka ji kamar ana raɗa a cikin rijiya. Kuma in gwanjo zaka saya ka duba bayanta, wutarmu 220 ce mai 50Hz, ta Amurka 120 ce mai 60Hz, ko ka sa taransifoma wasu tsofaffin na can a hankali zasu dinga juyawa saboda injinsu da bugun wutar yake tafiya, sai kaji muryar mawaƙi ta yi kauri ta ja.

Duk da haka bazan ce garmaho bashi da amfani ba, ni da nake ajiye da guda 11 kamar ƙwai. Da tsohuwar zuma ake magani. Akwai waƙoƙin da aka ɗauka a shekarun 1960 da 1970 da babu su a ko'ina sai jikin faifan nan, kamfanonin da suka buga su sun rufe ko sun bar ƙasashenmu, asalin tef ɗin ya ɓata, wanda ya rage shi ne na cikin akwatin kakanka. Turawa masu tara faifai sun san haka, shi yasa suke yawo Duwala da Yawunde da Legas suna saye daga hannun magada. Ka tuna Manu Dibango, Allah ya yi masa rasuwa a 2020, waƙar da ta kai sunansa duniya a bayan ƙaramin faifai mai juyi 45 ta fito a 1972, wanda aka buga don gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kamaru, daga nan wani ya tsinto ta a New York. Don haka in gidanku akwai irin wannan akwatin kada ka bari yara su yi wasa da shi, kada kuma ka sayar wa baƙo a kan kuɗin goro. Game da daɗin sauti kuma, eh akwai wani taushi da yake da shi, ɓangare saboda yadda ake haɗa sautin tun a situdiyo ba'a matse shi don ya yi ƙara kamar yadda ake yi wa na zamani, ɓangare kuma, ni a ganina, saboda zama kake yi ka saurara, baka tsallake waƙa, baka duba WhatsApp. Amma tsabtar sauti zalla, wanda ya ce garmaho yafi CD bai gwada su gefe da gefe ba.

CD kam sana'ata ce, na san cikinsa da bayansa. Sony da Philips suka haɗu suka fito da shi a 1982, faɗinsa santimita 12, yana ɗaukar minti 74 zuwa 80 ba juyawa, haske ne yake karanta shi ba allura ba don haka ko sau dubu ka saurara baya cinyewa. Sautin da yake ciki cikakke ne ba'a rage komai ba, 1411 kbps, wato ma'aunin yawan bayanan sauti a kowace daƙiƙa, alhali MP3 ɗin da muke turawa juna galibi 128 ne. Ka sami orijinal ka sa a na'ura mai lasifika biyu masu kyau, zaka ji kalangu daban, kuntigi daban, numfashin mawaƙi ma zaka ji. Kuma baya neman rezo, baya neman forfe, wato kuɗin data, ba mai goge maka shi daga nesa.

Amma dole in faɗi gaskiya tsakani da Allah, mafi yawan abin da muka sayar a kasuwa da sunan CD ba wannan bane. Iri biyu ne, akwai wanda aka buga a masana'anta, bayansa fari tas kamar azurfa, akwai kuma wanda ake ƙonawa a kwamfuta, CD-R, bayansa yana ɗan yin kore ko shuɗi. Na biyun wani rini ne a ciki da haske yake ƙonawa, rinin nan kuma rana da zafi suna kashe shi, shi yasa faifan bikin aurenka da aka baka shekara 12 baya yau in ka saka sai ya tsaya a tsakiya ko na'ura tace babu faifai. Na masana'anta in ka kula da shi yana yin shekaru da yawa, ina da wasu tun ƙarshen shekarun 1990 har yau lafiya lau. Sannan da yawa daga na kasuwa MP3 ne aka zuba a ciki, ɗari da wani abu a faifai ɗaya, toh wannan sunansa kawai CD amma sautin na memori ne, kuma mawaƙin ko dala bai samu ba, wannan nauyi ne da mu 'yan kasuwar lokacin muke ɗauke da shi. Kayan Kano da suke shigo mana ta Yola da Mubi ma yawanci VCD ne na fim, waƙa tana biye.

Kula da shi ba wuya kamar garmaho. Ka riƙe shi ta baki, in zaka goge ka fara daga tsakiya ka ja zuwa waje, kada ka bi zagaye, akasin garmaho kenan. Kuma abin da mutane suke kuskure, gefen da aka yi rubutu yafi gefen mai ƙyalli haɗari, saboda bayanan suna dab da ƙarƙashin rubutun ne, in ƙasa ya karce ana iya gogewa ya dawo, in sama ya karce har azurfar ta ɓare shikenan. Matsalar CD ta gaske yanzu ba faifan bane, na'urar ce. Sabbin laftof basu da wurinsa, sabbin motoci ma haka, DVD ɗin gida da muke da su ƙura tana rufe musu ido, belt ɗin ƙofa ya saki, masu gyaransu kuma duk sun koma waya kamar ni. Sannan mawaƙan yanzu, na Kano ne ko na nan gida, da wuya kaga wanda ya fitar da kundi a CD, kai tsaye YouTube da Audiomack suke zubawa. Kaga kenan CD ya zama rumbun abin da ya wuce, sabo baya shigowa.

Sauraro ta intanet kuma, wanda yara suke cewa sitirimin, nan ne kowa yake yanzu ko ya so ko bai so ba, ni kaina kullum da shi nake aiki a butik. Spotify daga Suwidin ya fito a 2008 amma bai buɗe mana ba sai Fabrairun 2021, lokacin da suka ƙara ƙasashe sama da 80 a tashi ɗaya har da Kamaru da Chadi da Nijar da Najeriya. Kafin nan Boomplay ne muka sani, wanda ya fara a Najeriya a 2015, kuma tunda yana da alaƙa da kamfanin da yake yin Tecno da Itel da Infinix, da ka sayi waya zaka same shi a ciki. Ga Audiomack, ga Deezer na Faransa, ga uban gayya YouTube. Alherinsa a fili yake, Spotify kaɗai suna cewa suna da waƙa sama da miliyan 100, abin da a da sai ka jira direba ya dawo daga Kano yau mawaƙi ya saki da safe kafin azahar ɗan Kusiri ya ji, ɗan Njamena ya ji. Kuma ba waƙa kaɗai ba, ƙira'a, wa'azi, yabon Annabi, duk suna nan. Don gano sabon abu babu kamarsa, wannan ko musu bana yi.

Amma ka yi lissafin data kafin ka ce kyauta ne. In ka sa sauti a matsakaici, 96 kbps, awa ɗaya tana cin wajen mega 43, in ka ɗaga zuwa 160 ta ci 72, in ka kai 320 ta ci 144. Mutumin da yake ji awa biyu kullum a 160 ya ƙona fiye da giga 4 a wata a kan waƙa kawai, ba'a yi maganar WhatsApp da TikTok ba. YouTube kuma yafi haka nesa tunda hoto yake jawowa ko baka kallo, kuma na kyauta da ka kulle fuskar waya ya tsaya, batir yana zuba. Wanda ya biya kuɗin wata yana iya saukewa ya ji ba rezo, wannan yana taimakawa sosai in kana da wurin da kake samun wifi, amma ka sani abin da ka sauke ɗin a kulle yake cikin manhajar, baka iya tura shi ta Xender, baka iya sa shi a memori ka kai rediyon mota, a Spotify ma in ka yi kwana 30 baka shiga intanet ba sai ya rufe, ranar da ka daina biya kuma duk ya tafi. Zanen aro ne, baya rufe katara. Ga biyan ma kansa, wasu sai da katin banki, mu kuma yawancinmu kuɗinmu a waya yake.

Kuma rezo ba a hannunmu yake ba. Ka bar Garwa ka nufi Marwa ko ka gangara Ngaundere, akwai wuraren da zaka yi tafiya mai nisa waya bata kamawa, direbobi sun fi kowa sani shi yasa har yau filashi ne a rediyonsu. 'Yan uwanmu na Chadi sun ga wanda yafi wannan, daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 aka toshe musu Facebook da WhatsApp da sauransu, wata 16 cur, a nan Kamaru ma yankunan masu Turancin Ingilishi sun yi wata uku ba intanet a 2017. Duk wanda waƙoƙinsa gaba ɗaya suke sama, ranar da aka rufe ƙofar shiru zai zauna.

Abin da yafi damuna ma ba wannan bane. Shiga ka nemi namu. Manyan mawaƙan Hausa na zamani zaka same su, amma makaɗan fadar Lamiɗo masu algaita da kakaki, masu goge da gurmi na ƙauyukanmu, matan da suke kiɗan ƙwarya a biki, mawaƙan Fulfulde da muka tashi muna ji a kaset, kaɗan ne suka shiga, waɗanda suka shiga ɗin ma wani bawan Allah ne ya ɗora a YouTube daga tsohon kaset, sunan waƙar ba daidai ba, wani lokacin har sunan mawaƙin an canza, gobe in aka rufe shafinsa sun tafi. Na taɓa samun wata tsohuwar waƙa da mahaifiyata take so, na yi wata uku ina sa mata duk dare, ban sauke ba don ina ganin ai tana nan, rana ɗaya na duba babu ita, har yau ban sake samunta ba, kuma tsohuwa ta sha tambayata. Ko a manyan manhajojin ma waƙa tana iya dusashewa a jerinka in yarjejeniyar mai ita da kamfani ta ƙare. Shi kuma mawaƙi abin da yake samu a kowane sauraro ɗan mitsitsi ne, daga 2024 ma Spotify ya sa doka waƙar da bata kai sauraro 1000 a shekara ba babu ko sisi, toh ka gaya min mawaƙin Gidar ko Mokolo da mutanen garinsa kaɗai suka san shi me zai samu? Liƙin da zaka yi masa a biki ɗaya yafi abin da zai samu daga sauraronka na shekara.

Maganar ingancin sauti a nan bana son a wahalar da kai. In da ƙaramar lasifikar Bluetooth kake ji ko iyafis na dubu ɗaya, bambancin 160 da 320 da CD ba zaka ji shi ba, Bluetooth ɗin ma da kansa yana matse sautin kafin ya isa. Kuɗin da zaka ƙara a data gara ka tara ka sayi abin ji mai kyau, nan ne kunne yake gane bambanci tun a minti na farko.

Akwai na huɗu da masu wannan musun a Turai basa lissafawa, alhali shi ne yake riƙe da mu, memori da filashi. Ka je wurin masu turi su cika maka, ko aboki ya tura maka, MP3 minti ɗaya mega ɗaya, giga 8 ta ɗauki waƙa fiye da dubu, ba forfe ba rezo, ga shi yana shiga rediyon mota da ta mai shayi. Sai dai memori bata da alƙawari, kullum sai an kawo min wadda ta mutu ba gargaɗi, ga jabu sun cika kasuwa, an rubuta giga 64 amma in ka wuce ɗan kaɗan sai ta fara cinye na farko. Duk abin da yake wuri ɗaya tak, ka ɗauka baka da shi.

Toh wanne zaka zaɓa? Ya danganta da kai wane ne. In ɗan makaranta ne kai ko ɗan moto mai haya da babur, abin da kake so sabuwar waƙa da zarar ta fito, ka zauna a intanet, ka rage ingancin zuwa matsakaici, ka sauke in ka samu wifi, waɗanda ka san ranka yana so kuma ka nemi fayil ɗinsu ta hanyar da mawaƙin ya yarda ka ajiye a memori da kwamfuta. In kai mai gida ne da kake da tarin CD orijinal a kabad, kada ka zubar wai zamani ya wuce su, ka sayi ƙaramar na'urar CD mai shiga USB, bata da tsada, ka kwafe su a kwamfuta a tsarin FLAC wanda baya rage komai, kundi ɗaya wajen mega 300 ne, faifan kuma ka mayar cikin kwalinsa ka ajiye a inuwa. Na ƙonawa kuwa, musamman na biki da suna da wa'azin malaman da suka rasu, waɗannan yau ya kamata ka kwafe ba gobe ba, don su ne suke mutuwa a hankali ba ka sani ba. In kuma direba ne kai, filashi biyu, ɗaya a mota ɗaya a gida. Garmaho sabo fil daga shago, a yanayinmu da aljihunmu, ban ba kowa shawara ba sai wanda yake da ɗaki mai sanyi da kuɗin da ba zai yi kukansu ba da kuma wani a waje mai aiko masa allura. Amma wanda ya gaji faifai, shi wajibinsa ne ya nemi na'ura ko ta aro ce, ya wanke su, ya ɗauki sautin zuwa kwamfuta, ya ɗauki hoton kwalin gaba da baya saboda sunayen makaɗa da shekara suna nan a rubuce.

Shi ɗan yayar tawa da ya sake kira washegari abin da muka tsayar kenan, dubu 90 ɗin zai cire wajen rabi ya sayi lasifika biyu masu kyau da ƙaramar amfilifaya ta gwanjo mai wurin phono, ya sayi hadis, wato hard disk na ajiyar fayil, guda ɗaya, sauran ya riƙe. Akwai wani dattijo a unguwar Yelwa da yake gyaran rediyo tun muna yara, yana da tsohon garmaho na Japan da belt ɗinsa kawai ya tsinke, ya ce in an samo belt da allura zai tayar mana da shi, na riga na yi wa wani abokina da yake Faransa magana zai taho da su in zai zo gida. In an yi hutu yaron zai zo Garwa mu zauna mu ɗauke faifan kakansa guda 11 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, kwafi ɗaya a hadis ɗinsa, ɗaya a kwamfutar butik, ɗaya kuma a memori in kai wa mahaifiyata.